Yadda Mai Jego Za Ta Zaɓi Na'urar Tatsar Nono Wadda Ake Sakawa A Rigar Mama

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun daɗe suna nanata cewa jariri ya sha nonon uwa zalla har ya cika wata shida, ko ruwa kada a ba shi, daga nan a haɗa masa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. To amma dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta tanadar wa mai haihuwa, shida kafin ta sauka, shida bayan ta sauka. Jihohi irin su Legas da Kaduna sun ƙara wa ma'aikatansu mata hutun zuwa wata shida, sai dai malamar makarantar kuɗi, da ma'aikaciyar banki, da ɗalibar da jarrabawa ta taso mata, da mai shago a kasuwa, duk babu mai jiransu. Ana gama wankan jego, wata ko arba'in ba ta daɗe da yi ba, sai komawa bakin aiki.

Domin irin waɗannan mata aka ƙera na'urar tatsar da ake cusawa cikin rigar mama. Ba a riƙe ta da hannu, ba a jona ta da soket ɗin bango, kina zaune kina rubutu ko kina auna wa mai saye kaya tana aikinta a ƙarƙashin hijabi. Abu ne mai amfani ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne yadda mata ke sayenta da ido: an ga hoto a Instagram, an tura kuɗi masu nauyi, bayan mako biyu an jefa ta cikin durowa ana cewa "ba ta jan komai," ko kuma, wanda ya fi ciwo, "ruwan nonona ne ya ƙafe." Daga nan sai madarar gwangwani. A mafi yawan lokuta na'urar lafiyarta ƙalau, nonon ma haka. Zaɓin ne bai dace da jikin matar da yanayin gidanta ba. Don haka, 'yar'uwa, kafin ki leƙa kasuwa, ga yadda za ki bi abin daki-daki.

Da farko, ki tabbatar irin wannan ce kike buƙata

Nono yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ake kwashe shi. Duk lokacin da ya fita, jiki ya sake haɗa wani. Idan ya kwana a ciki, jiki ya ɗauka an ƙoshi, ya rage. A makonni huɗu zuwa shida na farko ne jikinki ke gane yawan abin da ake buƙata, kuma jariri sabon haihuwa yakan kama nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana. Babu injin da ya kai bakinsa iya wannan aikin.

Na'urar da ake sakawa a riga injinta ƙarami ne, domin dole ya shige cikin ɗan ƙoƙo. Mata da yawa suna samun cewa ba ta kwashe musu nono tas kamar babba. Saboda haka idan ɗanki bakwaini ne yana kwance a asibiti, ko bai iya kama nono ba, ko kina fama da ƙarancin ruwa tun farko, kada ki dogara da ita ita kaɗai. Ki nemi babbar na'ura mai ƙarfi, irin Medela Symphony da ake amfani da ita a asibitoci, ko Spectra S1 wadda ke da batir a jikinta, ki kuma nemi shawarar nas ko ungozomar da ke duba ki. A kwanaki biyu ko uku na farko kuwa, lokacin dakashi, hannu ya fi kowace na'ura. Dakashi kaɗan ne kuma yana da kauri, idan kika sa inji sai ya manne a jikin roba ya salwanta. Ki tatsa shi cikin cokali mai tsabta ki ba yaro, domin shi ne rigakafinsa na farko, kuma ko ɗigo ɗaya bai cancanci zubarwa ba.

Idan kuwa kina gida da yaronki kullum, fitarki ba ta wuce unguwa ko biki ba, ki adana kuɗinki. Tatsa da hannu, ko ƙaramar na'urar hannu, ko ƙoƙon silikon irin na Haakaa da ake manna wa ɗaya nonon yayin da yaro ke shan ɗayan, ya wadatar. Wadda abin ya fi yi wa amfani ita ce wadda nononta ya riga ya zauna, za ta rabu da ɗanta na awa biyar zuwa tara a rana, kuma ba ta da ɗakin da za ta kulle kanta ta baje kaya.

Na biyu, ki auna kan nononki

A nan ne mafi yawan mata suke faɗuwa, don haka zan ɗan daɗe a kai.

A cikin kowace na'ura akwai mazurari, wato ɓangaren da ke manne wa nono, mai rami a tsakiya inda kan nono ke shiga yana fita. Faɗin wannan rami ana auna shi da milimita. Yawancin kamfanoni suna sako mai lamba 24 a kwali, wasu su ƙara da 21 ko 27 ko 28. Mata da yawa kuwa kan nononsu bai kai 24 ba ko kusa. Girman nonon kansa ba shi da alaƙa da wannan: mai manyan nonuwa tana iya buƙatar 15, siririya kuma ta buƙaci 24. Kamar takalmi ne, komai tsadarsa idan ba lambarki ba ne ƙafa ce za ta ji a jikinta.

Ki samo rula, ko tef ɗin tela ki juya gefen santimita. 'Yan ƙananan layukan da ke tsakanin lamba da lamba su ne milimita. Ki wanke hannu, ki tsaya gaban madubi inda akwai haske. Ki ɗan murza kan nonon a hankali har ya miƙe. Sai ki ɗora rular a gindinsa, daidai inda ya haɗu da baƙin da'irar da ke kewaye da shi, ki karanta faɗinsa daga gefe zuwa gefe. Kan nonon kaɗai za ki auna, ban da da'irar. Ki yi wannan kafin shayarwa ko tatsa, domin bayan an sha yakan kumbura. Ki auna dama, ki auna hagu, ki rubuta kowanne daban, saboda ba lallai su zo ɗaya ba.

A kan abin da kika samu sai ki ƙara milimita ɗaya zuwa uku. Idan kin sami 16, ki gwada 17 da 19. Idan 19 ne, ki gwada 21. Lambar mafari ce kawai, jikinki ne zai yanke hukunci. In mazurarin ya yi daidai, za ki ga kan nonon yana shiga yana fita a sake, baƙar da'irar ba ta bin sa ciki sai ɗan kaɗan, babu zafi, kuma bayan kin gama nonon ya yi laushi ko'ina. In ya yi girma, da'irar za ta riƙa zuƙewa cikin ramin, wurin ya kumbura, ruwa ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan, ki cire ki ji nonon da sauran nauyi. In ya yi ƙanƙanta, kan nonon zai riƙa gugar gefe, ya yi raɗaɗi, ya fito fari fat ko ya yi duhu, wani lokaci har ya tsage.

Ba sai kin sami na'urar da ta zo da lambarki ba. Ana sayar da 'yan zobban silikon da ake cusawa cikin ramin 24 su rage shi zuwa 21, 19, 17, 15, har 13. Wasu kamfanoni suna haɗo su a kwali, wasu sai kin saya daban. Abin da za ki tabbatar shi ne akwai zoben da ke shiga samfurin da kike so. Idan kika tambayi mai sayarwa lambar mazurari ta ce miki "ai girma ɗaya ne, kowa yana yi mata," ki yi mata godiya ki nemi wata, domin ba ta san abin da take sayarwa ba.

Wani abu kuma: kada ki auna kina da ciki ki ce kin gama. Kan nono yana sauya girma bayan haihuwa, yana kuma iya sake sauyawa bayan watanni. Ki bari ki yi kamar mako biyu da sauka. Idan kuma na'urar da ke miki aiki lafiya ta fara yi miki zafi daga baya, ki sake ɗauko rular kafin ki zargi injin.

Na uku, ki zaɓi ƙira

Iri biyu ne manya. Akwai wadda komai da komai yana cikin riga: inji, batir, mazurari da ƙoƙon tara nono duk a haɗe. Elvie Pump ta Ingila da Willow ta Amurka su suka fara fito da wannan ƙira ta yi suna, kuma kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne. Daga baya masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwa, irin Momcozy S12 da M5, da wasu da dama da ake ƙerawa a ƙasar Sin. Daɗinta babu tiyo, babu abin da ke lilo. Wahalarta nauyi da tudu. Wadda injinta ke zaune a saman ƙoƙo takan leƙo ta wuyan riga, ƙirji ya yi tozo. Mu dai hijabi da babban mayafi sun rufa mana asiri a nan, amma mai sa inifom, kamar nas, ta duba wannan da kyau.

Sai wadda ƙoƙunan kaɗai ke cikin riga, siririn tiyo ya sauko zuwa ɗan injin da ake ratayawa a ƙugu ko a sa a aljihu, irin Elvie Stride da Medela Freestyle Hands-free. Ƙirji ba ya jin nauyi sosai, inji ɗaya ke jan ɓangarorin biyu, abin caji ma ɗaya ne. A ganina, wadda za ta riƙa tatsa sau uku a rana har tsawon watanni ta fara duba wannan ƙirar.

Kowace kika ɗauka, ki sani yawancinsu suna da ɗan rami a sama inda iska ke fita kuma ta nan ake juye nonon. Da kin sunkuya sai ya kwararo cikin riga. Ba a shara da tsintsiya da ita, ba a wanki a duƙe, ba a kwanciya, ruku'u da sujada kuwa ba a ma maganarsu. Ki cire kafin ki tayar da salla. Akwai samfurin Willow mai tara nono a cikin leda wanda ba ya zuba ko kin kwanta, amma ledar sau ɗaya ake amfani da ita, kuma ki tambayi kanki a ina za ki riƙa samunta kowane mako.

Ki kuma lura da tallar: wani farashin na guda ɗaya ne, alhali hoton ya nuna biyu. In da hali ki sayi biyu. Lokaci yana raguwa rabi, kuma bincike ya nuna tatsar nonuwa biyu lokaci guda tana fitar da ruwa fiye da bi ɗaya bayan ɗaya.

Na huɗu, ki karanta abin da ke jikin kwali

Ƙarfin zuƙa ana rubuta shi da ma'aunin da ake kira mmHg, kuma yawanci za ki ga lamba tsakanin 200 da 300. Kada babbar lamba ta ruɗe ki. Ba mai tatsa a kan ƙarshen ƙarfi sai mai neman rauni. Abin da ke sakin ruwan nono wani sinadari ne a jiki da ake kira oksitosin, wanda natsuwa ke kawo shi, zafi da fargaba kuma su tsayar da shi. Abin dubawa shi ne na'urar tana da matakai da yawa da za ki ƙara ko ki rage a hankali, kuma tana da salo biyu: na farko mai sauri da taushi, kamar yadda jariri ke tsotsa da ya kama, sannan mai ja a hankali da zurfi bayan ruwa ya kawo.

Ƙoƙon yawanci yana ɗaukar mililita 120 zuwa 180. Na Elvie Pump 150 ne. Mai ruwa da yawa, musamman da safe, ta nemi babba, in ba haka ba sai ta tsaya ta juye a tsakiya. Ki fifita ƙoƙo mai haske wanda za ki ga kan nononki da ruwan ta jikinsa. Ki tabbatar an rubuta cewa akwai faifan robar da ke raba nono da inji, don kada ruwa ya shiga inda ba za a iya wankewa ba, kuma robar ba ta da BPA, wani sinadari da ake gudun illarsa ga lafiya. Game da ƙara, duk abin da aka rubuta, ki sa a kunna miki ko a turo miki bidiyo ki ji da kunnenki. A kasuwa ba mai ji, amma a aji ko ofis mai shiru ana ji. Haɗa na'ura da manhajar waya kuwa ado ne, ban ga dalilin ƙara kuɗi saboda shi ba.

Batir shi ne wanda ya shafe mu kai tsaye. Ki tambayi zama nawa caji ɗaya ke kaiwa, ki tabbatar ya wuce yawan tatsar da za ki yi a wuni. Ki zaɓi mai bakin caji irin na wayoyin yanzu, USB-C, domin za ki iya cika ta da fawa banki ko sola idan an ɗauke wuta. Da yawa daga cikinsu ba sa aiki suna kan caji, don haka ki saba jona ta da dare. Kada ki bar ta a cikin mota a rana.

Na biyar, kayan canji

Wannan ƙaramin abu ne da ke kashe na'ura mai tsada. A ciki akwai ɗan bawul na roba mai siffar bakin agwagwa, da faifan robar da na ambata. Su ke riƙe iska. Da amfani da tafasawa sai su saki, bakin bawul ɗin ya daina rufewa, zuƙa ta yi sanyi, ke kuma ki ɗauka injin ne ya mutu. Mai tatsa kullum takan canza bawul duk wata ɗaya zuwa uku. Ki ɗaga shi a haske: in kin ga leɓunansa a buɗe ko da tsaga, ya gama aiki.

Saboda haka kafin ki biya, ki tambaya: kuna da bawul da faifai da zobba na wannan samfurin? Nawa ne? Ki sayi aƙalla saiti ɗaya na ajiya a ranar. Na fi son ki ɗauki matsakaiciyar na'ura wadda kayanta ke ko'ina a kan ta alfarma da aka yo miki tsarabarta daga waje, wadda in bawul ɗinta ya yage sai an jira mai dawowa daga tafiya.

Na shida, rigar mama

Rigar ce ke riƙe na'urar, don haka rabin aikin nata ne. Ki nemi ta masu shayarwa, mai cikakken ƙoƙo, mai miƙewa, marar ƙarfe a ƙasa, wadda ake iya ƙara tsawon igiyarta. In ta yi sako-sako iska za ta shiga, zuƙa ta lalace, nono ya zuba. In ta matse ƙwarai za ta danne hanyoyin ruwa, ki wayi gari da ƙullutu mai zafi.

Na bakwai, ina nonon zai zauna?

Ki amsa wannan tun kafin ki saya, domin tatsar da babu wurin ajiya asara ce. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce sabon nono yana iya zama awa 4 a ɗaki, kwana 4 a firiji, wata 6 a firiza, har zuwa 12 in ta kama. Amma ɗakin da suke nufi zafinsa bai wuce digiri 25 ba. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, lokacin bazara zafi yana haura 40. Kada ki kwatanta. Da kin gama tatsa ki juye cikin kwalba mai murfi, ki sa a ƙaramar kula mai ƙanƙara. A haka yana kaiwa awa 24. Kular da robobin ƙanƙara biyu ki lissafa su cikin kuɗin na'ura.

Kwana huɗun firiji ma sai in sanyinsa ya tsaya a digiri 4. Firijin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyi kamar awa huɗu ne in ba a buɗe shi ba. Idan wutar unguwarku ta jeka-ka-dawo ce, ki bi hanya mafi aminci: na yau a sha gobe, kada ki tara na kwanaki. Ki ajiye can ciki, ba a jikin ƙofa ba, ki manna takarda da kwanan wata da lokaci. Wanda ya daskare ya narke gaba ɗaya ba a mayar da shi firiza, a sha shi cikin awa 24 yana firiji. Wanda yaro ya sha ya rage, bayan awa biyu a zubar. Wurin ɗumamawa, a tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi. Ba a ɗora shi a wuta, ba a sa shi a injin ɗumama abinci. Ki gaya wa mai reno ko kakar yaro cewa in ta ga maiƙo ya taso sama ba lalacewa ya yi ba, ta juya kwalbar a hankali ya haɗe.

Na takwas, saye

Ki saya inda za ki iya komawa: babban kantin magani, shagon kayan jarirai da aka sani, ko mai sayarwa a intanet da ke da adireshi da sharaɗin canji. Samfuran da suka yi suna akwai jabunsu. Kwali ya zo a rufe, da takardar bayani, da lambar na'ura. Da ya iso ki buɗe a gaban wanda ya kawo, ki ƙirga kayan da takardar ta lissafa, ki haɗa, ki kunna, ki manna mazurarin a tafin hannunki ki ji yana ja a kowane mataki.

Ta gwanjo fa? Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki irin waɗannan na'urori a matsayin na mutum ɗaya. Ban ba ki shawarar sayen wadda ba ki san tarihinta ba, ga shi batir ɗinta ma ya riga ya gaji. In yayarki ce ta ba ki tata kuma babu halin sabuwa, injin kaɗai za ki karɓa. Duk abin da ke taɓa nono ki saye shi sabo.

Na tara, gwajin farko da wanki

Kafin amfani na farko ki warware komai, ki wanke, ki tafasa sassan da takarda ta yarda a tafasa na minti biyar. Injin ba ya shiga ruwa, goge shi ake yi da tsumma mai ɗan laima.

Wurin sakawa ne ake kuskure, domin da ta shige riga ba kya ganin abin da ke faruwa. Ki tsaya gaban madubi, ki ɗan sunkuya, ki daidaita kan nonon a tsakiyar ramin tukuna, sannan ki ja rigar ta rufe. Ki fara da salo mai sauri a mataki na ƙasa. In ruwa ya kawo ki koma salon ja, ki riƙa ƙarawa har ki ji ya fara damunki, sai ki rage ɗaya. Nan ne matakinki. Bayan minti biyu ki leƙa: in babu ɗigo, ko kina jin tsunkuli, ki kashe, ki sa yatsa ki saki iskar, ki sake daidaitawa. Minti 15 zuwa 20 ya isa. Da kin gama ki kashe, ki ɗan sunkuya kaɗan ki zare ta a tsaye, sannan ki shafa nonon ko'ina, har wajen hammata. In da sauran tauri ki ƙarasa da hannu. Ranar farko in kin sami abin da bai taka kara ya karya ba, kada ki karaya. Jiki sai ya saba da inji. Kallon hoton yaron ko shinshina rigarsa yana taimakawa ruwa ya sauko.

Wanki kuwa bayan kowace tatsa ne, kuma a nan ba na sassauci. A shekarar 2023 CDC ta ba da rahoton wani jariri bakwaini a Amurka da ya rasu sakamakon ƙwayar cutar Cronobacter, aka kuma gano ƙwayar a jikin kayan tatsar da ake wankewa a wurin wanke-wanken gida, wani lokaci a haɗa su da sauran laima. Ki ware roba guda da buroshi guda na wannan aikin kaɗai. Ki raba kowane sashe, har bawul, ki wanke da sabulu da ruwa mai tsabta mai ɗumi, ki ɗauraye, ki baza a kan tsumma mai tsabta su bushe da kansu. Kada ki goge da tawul ɗin kicin. Lokacin hunturu ki rufa musu wani abu mara nauyi saboda ƙura. In yaro bai kai wata biyu ba, ko bakwaini ne, ko ba shi da ƙoshin lafiya, ki tafasa sassan sau ɗaya kowace rana. In ruwan gidanku na 'yan garuwa ne ko na rijiya, ki tafasa shi kafin ki yi wankin da shi. Wadda wurin aikinta babu inda za ta wanke, ta sayi saitin ƙoƙo na biyu, ta zuba wanda ta yi amfani da shi a leda mai rufewa sai ta koma gida. Ki ƙirga sassan na'ura tun a shago, domin kowane ɗaya sai kin wanke shi sau biyu ko uku a rana.

In kika ji ƙullutu mai zafi da bai baje ba bayan kwana ɗaya ko biyu, ko gefen nonon ya yi zafi ya kumbura, ko zazzaɓi da rawar sanyi suka rufe ki, ki tafi asibiti a ranar, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Ki ci gaba da ba yaro nono kafin ki isa. Haka in kika ga fitsarinsa ya ragu ko awo ya nuna ba ya ƙaruwa.

Kafin ranar komawa aiki

Ki fara gwaji mako biyu kafin hutunki ya ƙare, sau ɗaya a rana, bayan shayarwar safe lokacin da ruwa ya fi yawa. Jariri daga wata ɗaya zuwa shida yana shan kimanin mililita 750 a dare da rana, wani ƙasa da haka, wani sama. In yana sha sau takwas, kowane sha ya kama kusan 90. Wadda za ta yi awa takwas a waje ta bar kamar 250 zuwa 300, a raba a kwalabe uku don kada a ɗumama da yawa a zubar. A cikin makonni biyun nan ne mai reno za ta koya masa sha da ƙaramin kofi ko fida, ke kina wani ɗaki, domin in yana jin ƙamshinki zai ƙi. Kofi ya fi sauƙin wankewa, kuma shi ma'aikatan lafiya suka fi ba da shawara.

A wurin aiki ki riƙa tatsa duk kamar awa uku, daidai lokutan da zai sha da kina gida. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana cikin lokacin aiki, don haka ki sanar da shugabanki tun da wuri, ki faɗi lokutan da kike so. Ki shayar da shi kafin ki fita, ki shayar da shi da kin dawo, da dare da ranakun hutu kuma ki ajiye na'urar ki bar shi ya kama da bakinsa.